Yol Aularong, mawaƙin ba'a na ƙasar Kambodiya

Ƙasar Kambodiya tana can kudu maso gabashin Asiya, ta yi iyaka da Tailan, da Lawos, da kuma Biyetnam. Mafi yawan mutanenta ƙabilar Kmer ne, masu bin addinin Buda, manoman shinkafa a bakin babban kogin Mekon. Faransa ta shimfiɗa mata mulki tun daga shekarar 1863, ba ta sake ta ba sai ranar 9 ga watan Nuwamba 1953. Galibin waɗanda suka taɓa jin sunan wannan ƙasa, a cikin labarin yaƙi da kisan gilla suka ji shi. Amma kafin wannan masifa ta sauka, babban birninta Pnom Pen wuri ne na kiɗa da rawa da sinima, har ana kwatanta shi da lu'ulu'u a cikin biranen Asiya. A cikin mawaƙan wancan zamani akwai wani saurayi da ya bambanta da sauran, domin shi ba ya rera waƙa don ya sa mutane kuka. Ba'a ce sana'arsa, da gita mai ƙara a hannu. Sunansa Yol Aularong.

Gidan da ya fito

Aularong ɗan gidan kiɗa ne, ba haye ya yi wa sana'ar ba. A cikin ƴan'uwan iyayensa akwai Has Salon, gwanin gogen Turai da ake kira biyolon, mai tsara kiɗa, wanda ake ganin girmansa ƙwarai a birnin. Akwai kuma mata biyu, Sieng Dy da Sieng Vanthy, dukansu mawaƙa ne da jama'a suka sani. Mahaifinsa kuwa ma'aikacin jakadanci ne, shi ya sa yaron ya yi wani yanki na ƙuruciyarsa a Faransa. Wannan zama na waje ya bar masa alama. Ya ga yadda samarin Turai suke ja-in-ja da iyayensu a kan gashi da tufafi da kiɗa, ya ji waƙoƙinsu tun daga tushe, ba a bakin wani ba. Da ya komo gida, sai ya zama mutum mai ido biyu: ɗan gida ne da ya san kowane lungu na al'adar manyan birni, baƙo ne kuma da yake hangen abin dariya a cikin abin da su ba su ganin komi a ciki.

Ya kamata a lura da wannan, domin waɗanda ya riƙa yi wa ba'a daga baya ba wasu ba ne illa mutanen ajinsa: ƴaƴan manyan ma'aikata, masu takalmi mai ƙyalli, masu gaisuwa da Faransanci, waɗanda babban burinsu shi ne a ce da su yaran kirki.

Sarkin da yake busa saksofon

Ba a fahimtar kiɗan Kambodiya na wancan lokaci sai an san Norodom Sihanuk. Faransawa ne suka ɗora shi bisa gadon sarauta a 1941 yana da shekara 18, suna zaton za su juya shi yadda suke so, sai ga shi shi ne ya karɓo ƴancin ƙasar daga hannunsu. A 1955 ya sauka daga sarauta ya bar wa mahaifinsa, don ya samu damar shiga siyasa, ya kafa ƙungiyar Sangkum wadda ta riƙe ƙasar shekara 15. Sihanuk mutum ne mai son kiɗa har cikin ransa. Yana busa saksofon, yana tsara waƙoƙi, yana shirya finafinai da kansa. A zamaninsa ma'aikatun gwamnati da dama suna da ƙungiyar makaɗa tasu, gidan radiyon ƙasa kuwa shi ne babbar kasuwar mawaƙa. Sai dai wannan sakin fuska bai kai ga siyasa ba. Wanda ya soki gwamnati yana iya kwana a kurkuku, ƴan adawa na hagu da yawa sun gudu daji, kuma shi Sihanuk ne ya laƙaba musu sunan Kmer Ruj, wato Jajayen Kmer.

Mu a nan Nijar sunan Sihanuk ba baƙo ba ne. Ana lissafa shi tare da Diori Hamani, da Sengor na Senegal, da Burgiba na Tunisiya, a cikin mutane huɗu da suka assasa haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci. An sa hannu a kan yarjejeniyar farko ta wannan haɗin kai a Yamai ranar 20 ga watan Maris 1970. Abin mamaki, kwana biyu kafin wannan rana aka tuɓe Sihanuk daga mulki.

To, a cikin shekarun Sangkum ne kiɗan zamani ya yi fure. Ƴaƴan masu hali da ke karatu a Faransa suna komowa da faifan Joni Halide da makamantansa. Kiɗan Kuba, irin su ca-ca-ca, ya shiga gidajen rawa, kamar dai yadda ya shiga biranen Afirka ta Yamma a daidai wannan lokaci. Samari biyu ƴan gida ɗaya, Mol Kagnol da Mol Kamach, suka kafa Baksey Cham Krong, wadda ake ɗauka ita ce ƙungiyar masu gita ta farko a ƙasar, suna koyi da The Shadows na Ingila. Daga tsakiyar shekarun 1960, da Amurka ta jibge sojojinta a Biyetnam ta Kudu, sai radiyon da aka buɗe domin nishaɗin sojojin ya riƙa tsallako iyaka. Yaro a Pnom Pen yana murɗa akwatinsa sai ya ji kiɗan rok da na baƙaƙen Amurka, washegari ya nemi gita ya gwada.

Manyan taurarin zamanin su ne Sinn Sisamouth, wanda ake ɗauka sarkin mawaƙan Kmer, da Ros Serey Sothea, ƴar talakawa daga lardin Batambang wadda Sihanuk ya ba laƙabin sarauniya mai muryar zinariya, da Pen Ran mai rawa da barkwanci. Sun iya kiɗan rok, sun kuma yi shi da kyau, amma gindin waƙarsu soyayya ce: rabuwa, da kewa, da alkawarin da aka karya, da kogi da wata da furanni. Sisamouth yakan fito cikin kwat da lakataye, gashi a kwance, murya mai laushi kamar mai lallashin jariri. A wannan fage ne Aularong ya shigo, kamar akuya a ɗakin amarya.

Irin waƙarsa

Kiɗan da ya zaɓa shi ne wanda Amurkawa suke kira rok na gareji. Asalin sunan, samari ne marasa kuɗin shiga ɗakin ɗaukar murya suke taruwa a garejin motar iyayensu suna kaɗawa, saboda haka kiɗan ya fito da kaushi, ba gyara, ba ado. Ana sa wa gita wata ƴar na'ura da ke dagula sautinta har ta riƙa kuka kamar zarto a jikin ƙarfe, a haɗa da ganguna da akwatin kiɗa mai maɓallai da ake kira org. Muryar Aularong ta dace da wannan. Ba ya jan baiti yana lanƙwasa shi yadda mawaƙan Kmer suka gada. Yakan yi kamar mai magana, ya yi kamar mai gunaguni, ya yi ihu, wani lokaci ya yi kamar dariya za ta ƙwace masa a tsakiyar baiti. A bayansa kuwa mata ne ke amshi, sau da yawa Sieng Vanthy da Pen Ram, ƙanwar Pen Ran, da muryoyinsu masu zaƙi, sai bambancin ya ƙara wa abin armashi.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Jeas Cyclo, ma'ana hawan siklo. Siklo keke ne mai ƙafa uku, fasinja yana zaune a kujera a gaba, mai tuƙi yana bayansa yana taka feda. Shi ne tasin talaka da na mai kuɗi a Pnom Pen ta wancan zamani. Waƙar ba ta da wani babban zance. Saurayi ne marar aikin yi ya hau siklo yana zaga kasuwannin birni yana kallon ƴanmata, yana mamakin sabon yayin tufafinsu, har ya ɗauki wata riga mai faɗi a matsayin alamar juna biyu, alhali yayi ne kawai. Shi ke nan. Amma mai sauraro ya duba abin da ke ciki. A ƙasar da aka san ƴa mace da dokokin kunya masu tsauri, har akwai tsohon littafin gargaɗi ga mata da ake koyarwa a lakol, ga mawaƙi yana faɗa a radiyo cewa ƴanmata sun sauya, samari sun sauya, kuma shi bai ga abin kuka a ciki ba. Bai yi wa kowa wa'azi ba, bai kuma ware kansa daga abin dariyar ba, domin sakaran da ke cikin waƙar shi ne mai rera ta.

Wata waƙar tasa, Yuvajon Kouge Jet, ta saurayi ce mai karyayyar zuciya. An gina ta bisa kiɗan Gloria, wadda ƙungiyar Them ta birnin Belfas ta fitar a 1964. A hannun Sisamouth, karyayyar zuciya abin hawaye ce. A hannun Aularong sai ta koma abin tsalle da ihu, har mai sauraro ya rasa ko tausayin saurayin zai ji ko dariya zai yi masa. Akwai kuma Navany, da wata wadda sunanta kaɗai ya isa ya nuna halinsa, domin ma'anarsa gwamma mutuwa a ƙarƙashin takobin mace. Duk inda mawaƙan soyayya suka ɗauki abu da nauyi, shi sai ya ƙara masa gishiri har ya wuce misali, nauyin ya zube.

Kada a ɗauka cewa ba'a a cikin waƙa daga Turai ya kwaso ta. Kmer suna da nasu tun kaka da kakanni. Akwai ayai, inda namiji da mace suke tsayawa gaban jama'a suna jifan juna da baitocin habaici nan take, wanda ya kasa mayarwa a yi masa dariya. Akwai masu capei, wani molo mai dogon wuya, waɗanda suke yawo ƙauye-ƙauye suna haɗa nasiha da zambo. Wanda ya san ƴan kama da ƴan gambara a ƙasar Hausa ya san irin matsayin waɗannan mutane: ana raina su, ana kuma barinsu su faɗi abin da babba ba zai iya faɗa ba. A cikin mawaƙan zamani ma Aularong ba shi kaɗai ba ne. Meas Samon ɗan wasan barkwanci ne kuma mawaƙi, yana sauya murya yana kwaikwayon mutane, yana waƙa a kan neman aure da rigingimun miji da mata, sau da yawa tare da mawaƙiya So Savoeun. Bambancinsu, dariyar Samon ta dandali ce, wadda tsoho da yaro za su yi tare. Ta Aularong kuwa tana da ƙaya, ta samari ce, kuma iyaye ba su cika sonta ba. Shi ya sa marubutan Amurka da suka ji shi daga baya suka ce ya riga zamaninsa, suka lissafa shi cikin magabatan kiɗan pank, wanda bai bayyana sosai a Landan da Niyok ba sai wajen 1976.

A ganina wannan kwatanci, ko da yake yabo ne, ya rage masa wani abu. Samarin Landan suna zagin sarauniya su koma gida su kwana lafiya. Aularong ya yi tasa ba'ar a cikin birnin da ake harba wa rokoki.

Birni a cikin zobe

Ranar 18 ga watan Maris 1970, Sihanuk yana tafiya a ƙasashen waje, majalisar dokoki ta tuɓe shi bisa jagorancin Janar Lon Nol da Yarima Sirik Matak. A watan Oktoba aka soke sarauta aka kafa Jamhuriyar Kmer, mai jingina da Amurka. Sihanuk ya sauka a Pekin, cikin fushi ya haɗa kai da maƙiyansa na jiya, Kmer Ruj, ya yi kira ga talakawa ta radiyo su shiga daji. Manoma da yawa sun amsa kiran saboda sarkinsu, ba don sun san ko mene ne kwaminisanci ba. Jiragen Amurka kuwa, da suka fara jefa bama-bamai a asirce tun 1969, suka ci gaba har zuwa watan Agusta 1973. Ƙauyuka suka watse, jama'a suka kwararo Pnom Pen, har birnin da bai kai mutum miliyan ɗaya ba ya ɗauki wajen miliyan 2.

Waɗannan shekaru biyar na yaƙi su ne shekarun Aularong. Abin kamar ba zai yiwu ba, amma haka ya faru: yayin da karkara take ƙonewa, kiɗan birni ya ƙara zafi. Samari suka tara gashi, suka sa wando mai faɗin ƙafa. Ƙungiyar Drakkar ta kawo rok mai nauyi irin na Santana, Liev Tuk yana kururuwa irin ta Jems Brawun. Da aka kafa dokar hana fitar dare, gidajen rawa suka koma buɗewa da rana. Gwamnati ta jawo manyan mawaƙa cikin aikin soja, aka sa su rera waƙoƙin kishin ƙasa da na zagin Sihanuk, har an ɗauki hoton Ros Serey Sothea tana koyon dira da lema daga jirgin sama. A cikin wannan hali, saurayin da ya tsaya yana waƙar hawan siklo da kallon ƴanmata, wasu za su ce ba shi da hankali. Ni kuwa ina ganin ya san abin da yake yi. Kowane ɓangare yana neman matasa su sa kaki su yi layi, na gwamnati kore, na daji baƙi. Mutumin da ya ƙi yin layi, ya kuma mai da ƙin nasa abin rawa, ya faɗi ra'ayinsa ke nan ko bai ambaci sunan kowa ba.

A farkon 1975 ƴan tawaye suka toshe kogin Mekon, abinci ya koma sai ta jirgin sama. Lon Nol ya bar ƙasar ranar 1 ga watan Afrilu, Amurkawa suka kwashe ma'aikatan jakadancinsu ranar 12. Da safiyar 17 ga watan Afrilu sojojin Kmer Ruj suka shigo birni, yawancinsu yara matasa, cikin baƙaƙen tufafi da takalman tayar mota. Mutane suka fito suna murna, suna zaton yaƙi ya ƙare. Kafin rana ta faɗi aka ba da umurni kowa ya fita daga birni, wai Amurka za ta kawo hari, wai bayan kwana uku za a komo. Har marasa lafiya aka turo daga asibiti a kan gadajensu. Yol Aularong ya fita tare da mahaifiyarsa a cikin wannan taro. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Sabbin masu mulki, ƙarƙashin Salot Sar wanda aka fi sani da Pol Pot, sun sa wa ƙasar suna Kampuciya ta Dimokuraɗiyya. Shi ma Pol Pot, abin lura, ya yi zaman karatu a Pari tun daga 1949. Faransar da ta ba Aularong gita ita ce ta ba wannan aƙida. Suka soke kuɗi, da kasuwa, da lakol, da ibada. Suka raba jama'a gida biyu: tsofaffin mutane, wato manoman da ke ƙarƙashinsu tun lokacin yaƙi, da sababbin mutane, wato waɗanda aka koro daga birane, waɗanda ba su da wani haƙƙi. Kowa ya sa baƙi, kowa ya yi aski iri ɗaya, a ci abinci a wuri ɗaya, a yi noma da haƙar madatsun ruwa daga asuba har dare. Hukumar da ke ba da umurni ba ta da fuska, Angkar kawai ake ce mata, wato Ƙungiya. Waƙa ba ta halatta sai ta yabon juyin juya hali. Malamin makaranta, da likita, da tsohon soja, da mai jin Faransanci, duk abin tuhuma ne. Mutanen da suka san Aularong, da aka tambaye su bayan shekaru, sun yi ittifaƙi a kan abu guda: mutum irinsa, ɗan jakada, mai dogon gashi, wanda fuskarsa sananniya ce, wanda kuma bai iya rufe bakinsa ba, ba zai daɗe a hannun irin waɗannan mutane ba.

Ba shi kaɗai ya tafi ba. Sinn Sisamouth, da Ros Serey Sothea, da Pen Ran, da Meas Samon, da Huoy Meas mai gabatar da shiri a radiyon ƙasa, duk sun ɓace a cikin waɗannan shekaru, babu wanda aka san kabarinsa. Sieng Vanthy ta tsira, domin da aka tambaye ta sana'arta sai ta ce ayaba take sayarwa. Ta rayu har 2009. Lokacin da sojojin Biyetnam suka kori Kmer Ruj daga Pnom Pen ranar 7 ga watan Janairu 1979, mutum tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2 sun halaka ta hanyar kisa da yunwa da cuta da wahalar aiki, a ƙasar da ba ta wuce mutum miliyan 8 ba. Duk wannan a cikin shekara uku da wata takwas da kwana ashirin.

Waƙa ba mai ita

An lalata faifai da yawa, na gidan radiyo da na kamfanoni. Abin da ya tsira, a hannun jama'a ya tsira: wanda ya ɓoye nasa, da wanda ya fita da su waje tun kafin birni ya faɗi. A sansanonin ƴan gudun hijira na bakin iyakar Tailan, da unguwannin Kmer a Faransa da birnin Lon Bic na Amurka, aka riƙa juya waɗannan waƙoƙi daga kaset zuwa kaset, har sautin ya dusashe. Ƴan kasuwa kuma suka riƙa ɗora musu sabbin ganguna na na'ura don su ja hankalin masu saye. Sau da yawa babu sunan mawaƙi a jikin kaset ɗin. Tsofaffi sun san muryoyin, yaran da aka haifa a waje kuwa ba su sani ba.

A 1994 wani Ba'amurke matafiyi, Paul Wheeler, ya je ganin tsofaffin gine-ginen Angkor, ya ji wannan kiɗa, ya sayi kaset-kaset a kasuwa. A 1996 wani ƙaramin kamfani na Niyok mai suna Parallel World ya fitar da zaɓaɓɓu daga ciki da sunan Cambodian Rocks, da farko faifai 1,000 kacal, daga baya aka faɗaɗa shi ya kai waƙa 22. Babu sunan mawaƙi ko ɗaya a jiki, babu sunan waƙa, babu kuma ko dala da ta isa hannun iyalan masu ita. Waƙar da ta buɗe faifan ita ce ta siklo. Wato shekaru da dama samarin Amurka da Turai suna rawa da muryar Aularong ba su san ko wane ne ba, ba su san ko yana raye ba, ba su kuma jin abin da yake faɗa, balle su gane ba'a ce. Sai daga baya masu sauraro, musamman ƴan Kambodiya, suka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya suka mayar wa kowace da sunan mai ita.

Ana iya yi wa wannan faifai kallo biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Kayan matattu ne aka sayar ba da izinin magada ba. Amma kuma ta wannan ƙofa ce duniya ta san cewa Kambodiya ta taɓa yin wani abu ban da kaburbura. A 2001 wasu ƴan'uwa biyu a Los Anjeles, Ethan da Zac Holtzman, suka kafa ƙungiyar Dengue Fever tare da mawaƙiya Chhom Nimol ƴar Kambodiya, suka fara da rera tsofaffin waƙoƙin nan. A 2002 fim ɗin City of Ghosts na Matt Dillon, wanda aka ɗauka a Kambodiya, ya yi amfani da kiɗan wancan zamani. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton fim ɗin, John Pirozzi, abin ya kama shi, ya shafe wajen shekara goma yana neman waɗanda suka tsira da tsofaffin hotuna, har ya kammala fim na tarihi mai suna Don't Think I've Forgotten, ma'ana kada ka zaci na manta, sunan wata waƙa ta Sisamouth. An fara nuna shi a Pnom Pen a 2014. A cikinsa ne mutane da yawa suka fara ganin fuskar Aularong, suka ji danginsa da abokansa suna ba da labarinsa, kuma ko a nan, a tsakiyar zancen mutuwa, da an ambaci sunansa sai ka ga mai magana ya yi murmushi.

Shari'a kuwa ta zo a makare, ta kuma zo da ƙaranci. Pol Pot ya mutu a daji a watan Afrilu 1998 ba tare da ya tsaya gaban alƙalin ƙasa ko na duniya ba. Kotun musamman da Kambodiya ta kafa tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki a 2006, ta yanke hukuncinta na ƙarshe a 2022, kuma mutum uku kaɗai ta ɗaure: Duch, shugaban kurkukun Tuol Sleng, wanda asalinsa makarantar sakandare ce, sai Nuon Chea da Khieu Samphan. Sihanuk ya komo gadon sarauta a 1993, ya sauka a 2004, ya rasu a Pekin a 2012.

A 2018 marubuciya Lauren Yee ta fitar da wasan kwaikwayo mai suna Cambodian Rock Band a jihar Kaliforniya. Labarin wani mutum ne da ya tsira daga kurkukun Duch, ya koma ƙasarsa bayan shekara talatin, inda ƴarsa lauya take aikin tattara shaida a kan wanda ya azabtar da shi. A ƙuruciyarsa makaɗi ne, kuma ƙungiyar da marubuciyar ta ƙirƙira masa ta sa mata suna The Cyclos. Ƴan wasan da kansu suke kaɗa gita da ganguna a kan dandali, waƙar siklo ta Aularong tana cikin abin da suke rerawa, an kuma kai wasan Niyok a 2020. A Pnom Pen kuwa siklo ya ja baya ƙwarai, babura da kekunan inji sun ƙwace masa fasinja, ƴan ƙalilan da suka rage galibi tsofaffi ne ke tuƙa su, suna ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido da mata masu cefane a bakin Psar Tmei, babbar kasuwar nan mai ƙubba da Faransawa suka gina a 1937.